Landan zuwa New York: me ya sa zuwa awa 8, dawowa awa 7, alhali hanya ɗaya ce?

Sadauki77:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni a kan tafiyar jirgin sama tsakanin Landan da New York, ina roƙon masu sani su warware mini ita filla-filla.

Ga abin da ke rubuce a tikiti. Zuwa: tashi daga Heathrow 11:20 na safe, sauka a JFK 2:15 na rana, tsawon tafiya awa 7 da minti 55. Dawowa: tashi daga JFK 6:30 na yamma, sauka 6:30 na safe, da wani ɗan "+1" a gefe, tsawon tafiya awa 7 cif. Kamfani ɗaya, irin jirgi ɗaya, garuruwan ba su motsa ba. Ina kusan awa ɗayan nan ta shiga?

Na biyu, nisan kansa. Wani shafin ya ce 5,540, wani 5,555, wani 5,585, wani 3,451, har akwai mai cewa 2,999. Wanne za a kama? Kuma me ya sa a taswirar da ke bayan kujera ake ganin jirgin yana yin baka ya bi ta Kanada maimakon ya miƙe sambal?

Na ƙarshe, wanda ya taso daga Abuja zai canza jirgi a Landan, awa nawa ya kamata ya bari tsakani?

MaiTaswira:

Wa alaikumus salam Malam Sadauki. Bari in ɗauki maganar nisa, ta iska kuwa akwai masu ita a nan.

Duk alkaluman da ka lissafa babu na ƙarya a ciki, mudun awon ne ya bambanta. Daga filin Heathrow zuwa filin JFK kilomita 5,555 ne. Shi ne mil 3,451, shi ne kuma mil na teku 2,999. Mil ɗin da ake auna titi da shi a Ingila da Amurka kilomita 1.609 ne, na teku kuwa, wanda matuƙan jirgin sama da na ruwa ke aiki da shi, kilomita 1.852 ne. Wanda ya ba ka 5,540 ya ɗauki duniya a matsayin ƙwallo mulmulalle ne, alhali tana da ɗan tumbi a tsakiya, shi ya sa lissafinsa ya gaza da kilomita 15. Wanda ya ce 5,585 daga tsakiyar gari zuwa tsakiyar gari ya auna, ba daga fili zuwa fili ba. In a Newark za ka sauka, wato wani filin jirgin da ke kusa da New York, abin da zai ƙaru bai kai kilomita 30 ba, ba ya canza komai.

Maganar baka kuwa, taswira ce ke yaudarar ido. Ka samu kankana ko ƙwallon yara, ka ɗiga alama biyu a rabinta na sama, ɗaya can gefe, ɗaya nan gefe. Ka ɗauki zare ka danne shi a kan alama ta farko, ka ja shi ya yi tsam zuwa ta biyu. Za ka ga zaren bai zagaya ta gefe ba, ya ɗan hau ta wajen ƙoƙon kan kankanar. Wannan layin da zaren ya kwanta shi ne mafi gajarta, shi ake kira babbar da'ira. In aka fere bawon aka baje shi a kan tebur, wato aka mai da shi taswira, sai miƙaƙƙen ya koma kamar lanƙwasasshe, lanƙwasasshen ya koma kamar miƙaƙƙe.

Landan tana digiri 51 da rabi arewa, New York tana 40 da ɗoriya, wato New York ta fi kudu nesa ba kusa ba. Duk da haka jirgin da ya bar Heathrow ba kudu maso yamma yake dosa ba, yana sa hanci wajen digiri 288 ne, yamma da ɗan karkata arewa. Yana matsawa arewa har kusan digiri 54 a tsakiyar teku kafin ya fara gangarowa. Layin yana ratsa Ailan ta kan Shannon, ya tsallake ruwa zalla na kusan kilomita 3,200, ya faɗo Newfoundland daidai garin Gander, ya gangara gaɓar gabashin Kanada, ya bi ta kan Boston, sannan New York. Da zai bi layin da ido ke gani a miƙe a taswira, da ya ƙara wa kansa kimanin kilomita 200 a banza.

Wannan lissafin ne ma ya sa alƙiblar New York take arewa maso gabas, wajen digiri 58 a kamfas, duk da cewa Makka tana digiri 21 ne kawai arewa, wato ta fi New York kudu. Baƙo kan shiga masallaci a unguwannin Bronx ko Harlem ya ga kamar an karkace, alhali zaren kan kankana ne.

Sai dai ka riƙe wannan: 5,555 nisa ne na takarda. Da wuya jirgi ya bi layin daidai wa daida. Abin da yakan ci a zahiri yana ɗara hakan da kilomita 100 zuwa 300, wata rana fiye.

AbuFiffike:

Malam MaiTaswira ya share fage. Awar da kake nema, Malam Sadauki, iska ce ta cinye ta.

A tsayin da waɗannan jirage ke tafiya, ƙafa 30,000 zuwa 40,000, akwai wani kogin iska da ke kwarara daga yamma zuwa gabas a kan arewacin Atilantika, matuƙa na ce masa jet-sitirim. Yana samuwa ne inda iskar sanyi ta arewa ta haɗu da mai ɗumi ta kudu. Faɗinsa 'yan ɗaruruwan kilomita ne, kaurinsa 'yan kilomita kaɗan, kuma a tsakiyarsa gudun kilomita 200 zuwa 300 a awa ba abin mamaki ba ne. Da hunturu ya fi ƙarfi, saboda tazarar sanyi da zafi ta fi yawa a lokacin. Ba ya zama wuri ɗaya, yau yana kan Ailan, jibi ya lanƙwasa kudu wajen Faransa.

Yanzu ɗauki biro. Manyan jirage irin su Boeing 777, 787 da Airbus A350 suna keta iska da gudun kusan kilomita 900 a awa. In babu iska ko kaɗan, 5,550 raba 900 ya ba ka awa 6 da minti 10. Sa iskar kilomita 120 a bayansa: gudunsa a kan ƙasa ya zama 1,020, tafiya ta koma awa 5 da minti 26. Juyo da shi ya fuskanci wannan iskar: gudun ya faɗi zuwa 780, tafiya ta zama awa 7 da minti 7. Ka lura da wani abu, in ka haɗa zuwa da dawowa za ka samu awa 12 da minti 33, alhali ba iska awa 12 da minti 20 ne. Abin da iska ta ƙwace a zuwa ba ta biyan shi duka a dawowa, domin jirgi ya fi daɗewa a cikin wadda ke dukan goshinsa.

Shi ya sa ba a barin abin ga sa'a. Kullum ana zana hanyoyi sau biyu a kan tekun. Cibiyar Gander ta Kanada ce ke zana na dare, na masu zuwa Turai, tana jera su cikin kogin iskar don a hau bayansa. Cibiyar Shanwick, wadda masu kula da zirga-zirgarta ke zaune a Prestwick ta Sikotland, ita ke zana na rana, na masu zuwa Amurka, tana kauce wa kogin, galibi ta arewa. Ranar da iskar ta yi tsanani za ka leƙa taga ka ga duwatsun ƙanƙara na kudancin Girinlan, ba ɓata aka yi ba, gudun iska ake yi. Gara a ƙara kilomita 300 cikin iska mai sauƙi da a miƙe cikin mai ture ƙirji. Hanyoyin suna da haruffa: na yamma A, B, C daga arewa, na gabas Z, Y, X daga kudu. Asali tazarar digiri ɗaya ake bari tsakaninsu, mil na teku 60, daga baya aka shigo da na rabin digiri. A da tsakiyar tekun babu na'urar hango jirage, matuƙi ne ke kiran rediyo yana faɗin inda yake. Tun 2019 ana ganin su ta tauraron ɗan'adam, abin da ya sa aka matso da su kusa da juna, jirage da yawa suka samu hawa tsayin da ya fi musu amfani.

To amma awa 7 da awa 7 da minti 55 da ke tikitinka ba zaman sama ba ne kaɗai. Kamfani yana ƙirgawa ne daga lokacin da aka zare waigi daga tayar jirgi a ƙofar tashi har zuwa lokacin da aka sake sa shi a ƙofar sauka. A ciki akwai:

Tura jirgi baya, tayar da injina, da bin layi zuwa titin tashi. A Heathrow minti 20 zuwa 25. A JFK da yamma, lokacin da jiragen Turai ke fita a jere kamar motocin tasha, minti 30 zuwa 45 ba labari ba ne.

Hawa sama, wajen minti 25 zuwa 30 kafin a kai tsayin farko. Ƙasa da ƙafa 10,000 galibi ba a wuce kilomita 460 a awa. Kuma jirgi mai cike da mai ba ya iya haurawa ƙololuwa nan take, sai ya ƙona wani abu ya yi sauƙi, ya ƙara ƙafa 2,000, can gaba ya sake ƙarawa.

Saukowa. Ƙa'idar matuƙa ita ce mil na teku 3 ga kowace ƙafa 1,000, don haka daga ƙafa 37,000 ana fara gangarowa tun saura kilomita 200 da 'yan kai, kusan rabin awa.

Shawagi. Heathrow titi biyu kacal gare ta duk girmanta, JFK na da huɗu. Da safe jirage kan yi layi a sama a wurare huɗu, Bovingdon, Lambourne, Ockham da Biggin, suna kewayawa minti 5 zuwa 15 kafin a kira su.

In ka cire duk wannan, zaman sama na gaskiya yakan kama awa 6 zuwa 6 da rabi in za a je Landan, awa 7 zuwa 7 da rabi in za a je New York. Ragowar kuma ɗan rara ne da kamfani ke sawa don alkalumansa na cika alkawari su yi kyau, tunda jirgin da ya iso cikin minti 15 na lokacinsa ana lissafa shi bai makara ba.

Sadauki77:

Allah ya saka da alheri, malamai. Saura guda biyu da suka tsaya mini. Wani ya dage cewa juyawar duniya ce ke kawo bambancin, ba iska ba. Kuma an ce akwai jirgin fasinja da ya yi tafiyar ƙasa da awa 5 yana gudun da ya wuce na sauti. In zai yiwu, me ya hana a riƙa yi kullum?

AbuFiffike:

Ka ce wa mai maganar ya sake tunani. Duniya daga yamma zuwa gabas take juyawa. Da juyawarta ce ke aiki kai tsaye, da zuwa New York ne zai fi sauri, tunda garin zai riƙa tahowa yana tarar jirgi, ga shi kuwa akasin haka ake gani. Ƙasa da filin jirgi da iskar da ke kansu duk tare suke juyawa, a daidai Landan wajen kilomita 1,040 a awa, kuma jirgin yana tashi ne da wannan gudun a jikinsa. Iyakar gaskiyar da ke cikin maganarsa ita ce juyawar duniya na daga cikin abin da ke karkata kogin iskar ya nufi gabas. Hannunta na ciki, amma ta bayan gida.

Jirgin da aka ba ka labari gaskiya ne. Boeing 747 ne na British Airways, a Fabrairun 2020, daren guguwar Ciara. Ya yi New York zuwa Heathrow cikin awa 4 da minti 56, gudunsa a kan ƙasa ya taɓa kilomita 1,327 a awa. Kafin shi, wanda ke riƙe da kambin jirgin Norwegian ne, awa 5 da minti 13 zuwa Gatwick, wani filin jirgin na Landan, a Janairun 2018. Amma bai keta sauti ba. Ka ɗauki kwale-kwale a Binuwai lokacin da kogi ya kawo: mai tuƙi yana tuƙinsa na kullum, wanda ke tsaye a gaɓa ne ke ganin yana gudu kamar walƙiya. A wannan tsayin sauti na tafiyar kusan kilomita 1,060 a awa, jirgin yana yin 900 da ɗan kai a cikin iskar da ke kewaye da shi, iskar kuma ta ɗauke shi da fiye da 400. Jikin jirgin bai san an yi wani abu ba.

Wanda ya keta sauti da gaske jirgin fasinja ne mai suna Concorde, ninki biyu na gudun sauti, a tsayin da ya kai ƙafa 60,000, sama da inda kogin iskar ke da ƙarfi. Awa uku da rabi yake yi, kuma ranar 7 ga Fabrairu 1996 ya yi New York zuwa Landan cikin awa 2 da minti 52 da daƙiƙa 59. Kujera 100 kawai, ga shan mai, aka ajiye shi a 2003.

Jiragen yau ba su da wurin ƙara gudu sosai. In matuƙi ya ce zai rama lattin da aka yi, abin da zai iya cirewa a duk tafiyar bai wuce minti 8 zuwa 10 ba, kuma da tsadar mai. Boeing 777 babba yana shan wajen tan 7 zuwa 8 a awa, 787 wajen tan 5 da rabi. Awa ɗayan nan ta zuwa yamma tan bakwai ne na mai, ban da na ko-ta-kwana: na zuwa wani fili in an rufe wanda aka nufa, da na shawagin minti 30 da doka ta ce ba a taɓawa. Ƙananan jirage masu layin kujeru ɗaya su ne iskar hunturu ta fi wahalarwa. Boeing 757 da ke tasowa daga cikin Turai sun sha tsayawa Gander, Goose Bay ko Bangor shan mai ranar da iska ke dukan goshinsu.

Hajiya_Tikiti:

Malamai sun gama da sama, bari in sauko da ku ƙasa, don a nan matafiya suka fi asara.

Duk lokacin da ke kan tikiti agogon garin da abin zai faru ne. Landan tana gaban New York da awa 5. In za ka yamma, ka cire lokacin tashi daga na sauka ka ƙara 5: daga 11:20 zuwa 2:15 awa 2 da minti 55 ne, ka ƙara 5, ga 7 da 55 ɗinka. In za ka gabas ka rage 5: daga 6:30 na yamma zuwa 6:30 na safe awa 12, ka cire 5, saura 7. Wannan "+1" ɗin kuma washegari yake nufi. Mutane da yawa sun kama ɗakin otal ko sun tura mai tarbarsu a ranar da ba ita ba saboda shi.

Biyar ɗin ma ba kullum ba ce. Amurka tana tura agogonta gaba ranar Lahadi ta biyu a Maris, Ingila sai Lahadin ƙarshe ta watan. A 2025, 9 ga Maris ke nan da 30 ga Maris, mako uku tazarar tana awa 4. Da kaka Ingila ke riga komawa, Lahadin ƙarshe ta Oktoba, Amurka ta biyo a Lahadin farko ta Nuwamba, mako guda kuma awa 4. Najeriya da Nijar ba sa taɓa agogo: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba lokacinmu ɗaya da Landan, da hunturu muna gabanta da awa 1. New York kuwa muna gabanta da awa 5 da bazara, 6 da hunturu. Mai kiran gida ya lura kada ya tashi mutane da tsakar dare.

Abuja zuwa Landan kusan kilomita 4,800 ne, kuma zuwa da dawowa duk awa 6 zuwa 6 da rabi ne, tunda hanyar kudu da arewa ce, iskar da Malam AbuFiffike ya yi bayani ta gefe take bugunta. Abin da ya taɓa tsawaita ta sosai shi ne rufe sararin samaniyar Nijar a Agustan 2023, da jirage suka koma zagaye.

Tsakanin jirage biyu a Heathrow, mafi ƙarancin da kamfani zai sayar maka shi ne awa ɗaya da kwata in duk a gini na 5 ne, wajen awa ɗaya da rabi in akwai canjin gini. Ni ba na ba kowa shawarar ƙasa da awa 3. Za a sake binciken jakar hannu, za a sake duba biza da tambayoyin tsaro na jiragen Amurka, in akwai canjin gini sai an hau bas. British Airways galibi tana gini na 5, Virgin Atlantic da Delta da American suna na 3, United tana na 2. A gini na 5 in ba ka wuce shingen bincike minti 35 kafin tashi ba, na'ura ce za ta ƙi takardarka, ba mutum ba ne balle ka roƙe shi. Wasu ƙofofin ma sai an shiga ɗan jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa.

Tikitin ya zama guda ɗaya tun daga Abuja har New York. In haka ne, kaya su wuce da kansu, in jirgin farko ya makara kamfani ya sa ka a na gaba, kuma jiragen New York na tashi daga Heathrow tun safe har wajen 7 zuwa 8 na dare. In ka yanki biyu daban don neman sauƙi, latti naka ne kai kaɗai, kuma ɗaukar kaya na nufin sai ka bi ta wurin jami'an shige da fice na Ingila, wanda sharuɗɗansa daban ne da na mai zama cikin fili. Araha ba ta ado.

A ɓangaren Amurka, filin da ka fara sauka nan ake komai: shige da fice, ɗaukar kaya, kwastan, sannan ka sake miƙa kayan in za ka ci gaba zuwa wani gari. Da rana tsakanin 1 zuwa 5 jiragen Turai ke sauka a tare, layin baƙi kan kai awa ɗaya ko fiye. Ka bar awa 3 a nan ma. Daga JFK zuwa Manhattan, wato tsakiyar birnin, ƙaramin jirgin fili zuwa tashar Jamaica sannan jirgin ƙasa, ka ba shi awa ɗaya. In ka haɗa zuwa fili da wuri, jirgin, layi da hanyar gari, daga ƙofa a Landan zuwa ƙofa a New York awa 13 zuwa 14 ne, ba 8 ba.

Wanne jirgi ya fi? Zuwa New York, na safe, domin tsawa da ruwan bazara a can da la'asar suke sauka, su hargitsa filayen garin gaba ɗaya. Dawowa kuwa yawanci na dare ne, kuma daren guntu ne: awa ɗaya da rabi ta farko abinci, awa ɗaya ta ƙarshe an kunna fitilu ana karin kumallo, barcin da ya rage bai fi awa 4 ba. Akwai 'yan jirage kaɗan da ke barin New York wajen 8 na safe su sauka Landan wajen 8 na dare, sun fi sauƙi ga jiki, amma ka duba ko za ka samu na gida a daren, in ba haka ba kwanan Landan ya kama ka. Mai azumi kuma ya sani zuwa yamma yininsa zai ƙaru da awa 5, rana ba ta faɗuwa da agogon da ke hannunsa.

In jirgin da ya tashi daga Ingila ya iso da lattin awa 4 ko fiye, kuma laifin kamfani ne, dokar Ingila ta ba ka fam 520 a tafiya mai wannan nisa, tsakanin awa 3 da 4 kuma fam 260. Daga New York zuwa Landan dokar ba ta hawa kan kamfanonin Amurka. Guguwa da dusar ƙanƙara ba sa ciki. Ana ƙirga lattin ne daga lokacin da aka buɗe ƙofar jirgi, ba lokacin da taya ta taɓa ƙasa ba, don haka ka duba agogo a daidai lokacin ka rubuta.

MaiTaswira:

Hajiya ta gama magana. Ɗan ƙari kan abin da ke sa hanya ta kauce wa zaren: ba iska kaɗai ba ce. Jirgi mai inji biyu dole ne a kowane wuri ya kasance cikin tazarar da zai iya kai wa wani fili da inji ɗaya. A da minti 60 ne, abin da ya sa masu inji uku da huɗu suka mallaki tekun. A 1985 aka ba da izinin minti 120, daga baya 180, shi ne yau kusan duk jiragen hanyar masu inji biyu ne. Filayen da ake dogaro da su su ne Shannon, Keflavik ta Aislan, Gander, St. John's, Goose Bay, Halifax, da Lajes a tsibiran Azores in an bi ta kudu. In hazo ko dusar ƙanƙara ta rufe biyu daga ciki, mai tsara hanya sai ya matsa layin zuwa inda wani yake buɗe, minti 10 ko 20 su ƙaru.

AbuFiffike:

Haka ne. Kuma ga wani abin da ke ɗaure wa fasinja kai: a daren da iska ta yi kyau sosai, sai a cika jirgi a JFK a rufe ƙofa, matuƙi ya ce za a ɗan jira. Ba lalacewa ba ce. Heathrow ta ƙayyade yawan jiragen da za su sauka tsakanin 11:30 na dare da 6:00 na safe saboda barcin maƙwabta. Jirgin da gurbinsa 6:30 ne, in lissafi ya nuna zai iso 5:30, gara ya zauna a ƙasa injina a kashe da ya je ya yi ta kewaya Ockham yana ƙona mai. In da hunturu ne, Malam Sadauki, ka ƙara minti 20 zuwa 40 na wanke ƙanƙara daga fukafukai kafin tashi, kuma in layin titi ya yi tsawo har ƙarfin ruwan maganin ya ƙare, sai an koma an sake fesawa.